Amsa ga wani ɗalibi daga Tawa a kan matsalolin Ingilishi

Ɗana, wa alaikumus salam. Saƙonka ya same ni a nan Yamai, kuma sau biyu na karanta shi. Ka ce ka samu bak ɗinka, wato shaidar kammala sakandare, a Tawa, kana shirin tsallakawa Sakkwato karatu, amma Ingilishin da ka yi shekara bakwai kana koyo, tun daga ajin farko na kwaleji har ƙarshen lise, da ka buɗe baki sai ya maƙale. Ka tambayi bambancin “I eat” da “I am eating”, da na “I saw” da “I have seen”, da wurin da ake sa “since” da wurin da ake sa “for”, da wannan “the” da ka ce ta hana ka sakat, sai kuma “make” da “do”. Ka ƙara da cewa wani abokinka na Illela ta Najeriya ya yi maka dariya da ka ce “I have twenty years”, kana son sanin laifin jimlar.

Kafin in taɓa ko ɗaya daga cikinsu, bari in gaya maka abin da na daɗe da lura da shi a aji, tun ina koyarwa a Tawa har na dawo Yamai. Ɗalibinmu yana yin tunaninsa da Hausa, ya juya shi zuwa Faransanci, sannan ya ɗauki Faransancin ya juya zuwa Ingilishi. Kamar mutum ne yana Ƙonni zai je Illela, ga iyaka nan yana hangowa, amma ya ce sai ya biyo ta Yamai. Kafin ya isa ya gaji, kayansa kuma sun zube a hanya. Ba laifinku ba ne, domin da Faransanci muka yi ta yi muku bayanin Ingilishi a lakwal, har kuka ɗauka ba wata ƙofa sai ita. Kuma gaskiya ne harsunan biyu sun yi tarayya a kalmomi masu yawan gaske, tun daga 1066 da Normawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, harshensu ya zama na fada da kotu. Amma wannan zumunci a kalmomi ya fi ƙarfi. Wajen ginin jimla, sau da yawa Hausar da ka sha a nono ta fi Faransanci kusa da Ingilishi. Akwai kuma wuraren da ita ma Hausar za ta yaudare ka, zan nuna maka su.

Mu fara da “I eat” da “I am eating”, don a nan Bahaushe ya fi Bafaranshe sa'a. Shi “je mange” yake cewa, ko hannunsa na cikin kwano a lokacin, ko al'adarsa yake ba da labari. Mu kuwa biyu gare mu: “ina shan fura” da “nakan sha fura”. Masana nahawun Hausa suna kiran na farkon lokaci mai ci, na biyun lokaci sabau. Haka Ingilishi ya raba su. “Ina sha” ita ce “I am drinking”, “nakan sha” ita ce “I drink”. Ka ga ashe abin da ka yi shekaru kana haddacewa yana bakinka tun kana goye.

Sai dai “ina” tamu ta fi “ing” tasu faɗi. Muna cewa “ina aiki a asibiti” ko da muna kwance a gida ranar Lahadi, muna cewa “rana tana fitowa daga gabas” ko da tsakar dare ne. Don haka ga gwajin da nake ba ɗalibai: ka ƙara wa jimlarka ta Hausa “yanzu haka” ka ji ko ta zauna. In ta zauna, “ing” ce. In kuwa “kullum” ko “dama can” ne ya fi dacewa da ita, to sai ka bar aikatau yadda yake: “I work at the hospital”, “The sun rises in the east”. Kada ka manta da “s” ɗin nan da ke liƙe wa aikatau in maganar mutum ɗaya ake yi wanda ba ni ba ba kai ba: “he works”, “she drinks”. Ƙaramar aba ce, amma ita mai gyaran takarda yake fara gani.

Ga inda Hausa ke jan ƙafarmu. Muna cewa “ina so”, “ina da”, “ina bukata”, sai ɗalibi ya fassara “I am wanting”, “I am having two brothers”. Ingilishi yana da wani rukunin aikatau da yake ɗauka hali ne mutum yake ciki, ba wani aiki yake yi ba, kuma a ma'anarsu ta asali ba a sa musu “ing”: “want”, “need”, “know”, “believe”, “understand”, “like”, da “have” in tana nufin mallaka. “I want”, “I have two brothers”. In ka ji an ce “I am having lunch” kada ka rikice, a can “have” ɗin ci take nufi, ci kuwa aiki ne. Haka nan “na sani”, “na gane”, “na gaji” sun yi kama da abin da ya wuce, alhali halin yanzu suke faɗi. “Na sani” ita ce “I know”, “na gaji” ita ce “I am tired”.

Yanzu ga babbar, wadda ta fi kowace cinye mini jan bik: “I saw” da “I have seen”. Faransanci ne ummul'aba'isin wannan ruɗani. “J'ai vu” ta yi kama da “I have seen” kamar an tsaga kara, kalma da kalma, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Bafaranshe yana cewa “j'ai vu mon oncle hier” lafiya lau. Mai Ingilishi ba ya cewa “I have seen my uncle yesterday”. Da zarar ka ambaci lokacin da ya riga ya rufe, jiya, bara, makon jiya, 2019, to “have” ta fita: “I saw my uncle yesterday”.

Wata shekara a wani kwaleji a Tawa na ba ƴan aji huɗu aikin rubuta yadda suka yi Babbar Salla. Da dare na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na jawo fitila, kaye, wato littattafan rubutunsu, sama da sittin a gabana. Kusan kowane na buɗe, “we have gone to the prayer, we have come back, my father has killed a ram”. Washegari ban taɓa allo ba tukuna, na ce wa wata yarinya da ke zaune kusa da taga ta tashi ta ba mu labarin da Hausa, yadda za ta ba kakarta. Ta ɗan yi jim, don ba a saba jin Hausa a darasin Ingilishi ba, sannan ta ce: “Munka tashi da asuba, munka yi wanka, munka tahi idi, munka komo, baba ya yanka rago.” Na rubuta maganarta a allo da alli, ƙarƙashin kowace “munka” na sa “we got up”, “we went”, “we came back”. Na ce musu duk inda kuke jero labari, muka yi kaza, suka yi kaza, aka yi kaza, to ba ruwanku da “have”. Wannan ajin bai sake damuna da kuskuren ba sai jefi-jefi.

To yaushe ake sa “have”? Hausa tana da kalmomi uku da ke yi maka ishara: taɓa, riga, tukuna. “Ka taɓa zuwa Kano?” ita ce “Have you ever been to Kano?” “Ban taɓa hawa jirgi ba” ita ce “I have never been on a plane”. “Na riga na biya” ita ce “I have already paid”. “Bai zo ba tukuna” ita ce “He has not come yet”. Abin da ya haɗa su shi ne ba lokacin da abin ya faru ake son faɗi ba, tasirinsa a kan yanzu ake dubawa. In ka shigo gida aka ce maka “an ɗauke wuta”, ga duhun nan kana gani, wannan “the power has gone off” ce. In da safe kake ba da labari, “an ɗauke wuta jiya da dare”, sai ta koma “the power went off last night”. Ka kuma kula da “he has gone to Kano” da “he has been to Kano”. Na farkon ya tafi bai dawo ba, na biyun ya taɓa zuwa, mai yiwuwa ma yana zaune kusa da kai. Mutanen Amurka sukan sassauta a nan, za ka ji suna cewa “I already paid”, ba wanda zai ce sun yi kuskure. Amma ba a Amurka ba a Ingila, ba mai haɗa “have seen” da “yesterday”.

Daga nan “since” da “for” sun zo da sauƙi. Faransanci “depuis” ɗaya yake da ita ga duka biyun, shi ya sa kake ruɗewa. Hausa ta raba. “Tun” tana nuna wurin da abu ya soma: tun Litinin, tun bara, tun ina yaro. Ita ce “since”. In kuwa tsawon lokacin kake aunawa, “na yi shekara uku”, “na yi awa biyu ina jira”, to “for” ce: “for three years”, “for two hours”. Abin da za ka kiyaye shi ne aikatau ɗin da ke gabansu. Da Hausa “ina nan tun Litinin”, da Faransanci “je suis ici depuis lundi”, duka biyun suna tura ka ka ce “I am here since Monday”. Ingilishi bai yarda ba. Abin da ya soma a baya yake ci har yanzu, “have been” yake ɗauka: “I have been here since Monday”, “I have been waiting for two hours”. Shekara uku da suka wuce kuma “three years ago” ce, kada “il y a” ta sa ka ce “there is three years”.

Maganar abokinka na Illela, ka yi haƙuri da dariyarsa, amma yana da gaskiya. A nan ma harsunanka biyu ne suka haɗa baki: “ina da shekara ashirin”, “j'ai vingt ans”. Mai Ingilishi ba ya mallakar shekarunsa, cewa yake “I am twenty” ko “I am twenty years old”. Haka yunwa, ƙishirwa, sanyi, tsoro: “I am hungry”, “I am thirsty”, “I am cold”, “I am afraid”. Juyin wannan shi ne “I am agree” da kusan duk wanda ya yi lakwal ɗin Faransanci yake faɗi saboda “je suis d'accord”. “I agree” kawai ake cewa.

Ita kuwa “the”, Hausa tana da ƴar'uwarta, sai dai a wutsiyar kalma take zama. Ka saurari wannan: “Na ga wani mutum a tasha. Mutumin ya tambaye ni motar Ƙonni.” Da farko “wani mutum” ne, don ba ka san shi ba. Da na sake ambatonsa ya zama “mutumin”, don yanzu da ni da kai mun san wa ake nufi. “I saw a man at the station. The man asked me...” Wannan “n” ko “r” da muke liƙawa, mutumin, motar, littafin, ita ce ke yi mana aikin “the” a mafi yawan wurare. Faransanci kuwa yana sa “le” da “la” har a kan abu gaba ɗayansa: “la vie est difficile”, “j'aime le thé”. Daga nan ɗalibai ke samo “the life is difficult” da “I like the tea”. Koma wa Hausarka. “Rayuwa da wuya” muke cewa, “ina son shayi” muke cewa, ba ma liƙa komai. “Life is hard”, “I like tea”. Amma “shayin ya huce”, wannan kofin da ke gabanmu, “the tea is cold”.

Inda Hausa ba za ta taimake ka ba shi ne “a”. Abu ɗaya da ake iya ƙirgawa ba ya tsayawa tsirara a Ingilishi. Mu mun ce “shi malami ne”, Bafaranshe ya ce “il est professeur”, mai Ingilishi sai ya ce “he is a teacher”. Zaɓi tsakanin “a” da “an” kuma da kunne ake yinsa, ba da ido ba: “an hour” don ba a furta “h” ɗin, “a university” don da sautin “y” take farawa. Sunayen ƙasashe yawanci ba sa ɗaukar “the”. Ƙasarmu “Niger” ce, in ka ce “the Niger” kogin Kwara za a ɗauka kana nufi. Tunda kuma takardu za ka yi ta cikawa a Sakkwato, ka riƙe wannan da kyau: ɗan Nijar “Nigerien” ne da “e”, ɗan Najeriya “Nigerian” da “a”. Harafi ɗaya ne, amma a takardar makaranta ko ta shige da fice zai iya sa ka yi ta safa da marwa.

Wani wurin da nake jin takaicin ganin ɗan Hausa ya faɗi shi ne “his” da “her”. Bafaranshe abin da aka mallaka yake dubawa, “sa voiture” ko motar ta namiji ce ko ta mace. Sai ɗalibi ya rubuta “my father sold her car” don mota mace ce. Alhali kai “motarsa” da “motarta” kake cewa, “gidansa” da “gidanta”, mai abin kake dubawa, daidai yadda Ingilishi yake yi. Abin da kawai za ka bari a gida shi ne jinsin kayayyaki. Mota, rana, tukunya, duk “it” ne.

Haka “say” da “tell”. “Dire” ɗaya ce a Faransanci, shi ya haifi “he said me”. A Hausa “ya ce” daban, “ya gaya mini” daban. “Tell” kamar “gaya wa” take, tana neman wanda aka gaya wa nan take: “he told me”. “Say” maganar take nema: “he said he was tired”. In dole sai ka ambaci mutum bayanta, “to” za ta shiga: “he said to me”. “Explain” ma haka, “explain to me”.

A kan “make” da “do” ba zan yi maka alkawarin wata dabara ba, don “yi” tamu da “faire” tasu duk jaka ɗaya suke zuba komai. Ƙa'idar da ake bayarwa ita ce “make” ta samar da abin da babu shi ce, “do” ta aiwatar da aiki ce, kuma tana kai mutum rabin hanya. Sauran sai hadda, kalma da abokiyar tafiyarta: “make a mistake”, “make a decision”, “make money”, “do homework”, “do business”, “do your best”. Abin da ya fi muhimmanci gare ka shi ne yawancin “yi” ɗinmu ba sa bukatar ko ɗaya daga cikin biyun. Yi barci “sleep”, yi magana “speak”, yi salla “pray”, yi dariya “laugh”, yi tambaya “ask a question”. Irin wannan hattara za ka yi da “sha” da “ji”. Mu muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha mangwaro, wani ya sha taba, su kuwa “drink water”, “take medicine”, “eat a mango”, “smoke”. Muna jin magana, mu ji zafi, mu ji wari, mu ji Hausa, su kuma “hear”, “feel”, “smell”, “understand”.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma ba zan bari ka tafi ban ja kunnenka a kan kalmomin da suka yi kama da na Faransanci alhali ma'anarsu ta sha bamban ba. Wani tsohon ɗalibina ya rubuta wa wata makaranta a ƙetare cewa “I passed the exam last week”. Nufinsa ya zauna jarrabawar, “j'ai passé l'examen”, sakamako bai ma fito ba. Su kuwa suka fahimci ya ci, suka ce ya aiko da takardar shaida cikin kwanaki kaɗan. Ya zo ya same ni da wasiƙar a hannu, gumi na keto masa. Muka zauna muka rubuta wata ta neman afuwa da bayani, Allah ya taimaka suka jira shi. Zama jarrabawa “take” ne ko “sit”, “pass” ita ce cin ta. Irinsu suna da yawa. “Actually” na nufin “a gaskiya”, ba “yanzu” ba. “Library” ɗakin karatu ne, ba kantin littattafai ba. “Attend” halarta ce, ba jira ba. “Assist” taimako ne, ba halarta ba. “Demand” nema ce da ƙarfi kamar mai bin bashi, don haka kada ka rubuta wa malaminka “I demand permission”, “ask for” ake cewa. Horon aiki “training” ne, ba “formation” ba. Sannan “information”, “advice”, “furniture”, “luggage” ba sa ɗaukar “s” ta jam'i ko da sun cika ɗaki. “News” kuma duk da “s” ɗinta tilo ce: “the news is good”.

Akwai kurakurai biyu da suka wuce asarar maki, suna iya jawo asarar kuɗi. Na farko amsar tambaya mai korewa. In aka ce da kai “ba ka karɓi kuɗin ba?” kuma ba ka karɓa ba, da Hausa “i” za ka ce, wato i, haka ne, ban karɓa ba. A Ingilishi in aka ce “Didn't you receive the money?” ka amsa “yes”, ka shaida ka karɓa ke nan. Mafita ita ce kada ka tsaya a kalma ɗaya, ka cika ta: “No, I didn't” ko “Yes, I did”. Na biyu rubutun lamba. Waƙafin da muke sawa a lissafin Faransanci don nuna ɓangaren lamba, a Ingilishi dubbai yake rabawa. 2,500 dubu biyu da ɗari biyar ne, biyu da rabi kuwa 2.5 ake rubutawa. Ka kuma horar da kunnenka a kan “thirteen” da “thirty”, “fifteen” da “fifty”. In kana ciniki kana shakka, ka sa a rubuta maka, ko ka faɗi lambobin ɗaya bayan ɗaya.

Wani abin da ke damun ƴaƴanmu masu tarbiyya shi ne “you”. Mun saba ce wa babba “ku”, a Faransanci “vous”, sai ga harshen da yake kiran sarki da yaro da kalma ɗaya. Ladabin yana nan, wurin zamansa ne ya sauya. Ya koma cikin “could you”, “would you mind”, “may I”, “please”. “I want” a bakin ɗalibi gaban malami tana da kaushi, “I would like” ce ta dace. “Give me” ba tare da “please” ba umarni ne.

A Sakkwato za ka ji Ingilishin da ya saɓa wa wasu abubuwan da na faɗa maka. Za a ce maka “borrow me your pen”, wato “ara mini”, alhali a ƙa'ida mai bayarwa “lend” yake yi, mai karɓa “borrow”. Za ka ji “off the light”, za ka ji mutum yana fita yana cewa “I am coming”, wato “ina zuwa” tamu sak. Kada ka raina wannan, kada kuma ka tsaya gyara wa mutane magana a ƙasarsu. Ingilishin Najeriya yana da tsarinsa da miliyoyin masu magana da shi, Pijin ma harshe ne mai zaman kansa, har BBC ta buɗe masa sashe a 2017. Ka koye su don mu'amala, da ɗan gari akan ci gari. Amma a takardar jarrabawa da wasiƙar neman aiki ka tsaya kan daidaitaccen. Tsakanin rubutun Ingila da na Amurka, “colour” da “color”, “centre” da “center”, kowanne daidai ne, ka ɗauki ɗaya ka riƙe. Tunda Najeriya za ka, na Ingila ya fi dacewa da kai. Kada kuma ka ɗauka wahalar nan ta zaman Sakkwato ce kawai. Kundin tsarin mulkin riƙon ƙwarya da aka zartar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, don haka in ka dawo gida ma za ka tarar ana bukatarsa.

A kan furuci kalma biyu kawai. Mu mutanen Adar da muke cewa “tahiya” da “hura”, sai mun yi da gaske wajen raba “p” da “f”. Ga “p” leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe, ga “f” haƙoran sama ke sauka kan leɓen ƙasa. Ka tsaya gaban madubi da “pan” da “fan”, “pull” da “full”. Amma muna da abin da Bafaranshe ba shi da shi. “H” tamu lafiyayya ce, kada ka jefar da ita don kwaikwayon wani, “hungry” da “angry” ba ɗaya ba ne. Kunnen da ke raba garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo kuma ba zai sha wuyar raba “ship” da “sheep”, “live” da “leave” ba.

Ka rufe saƙonka da layi ɗaya na Ingilishi, na kuma ji daɗi da ka gwada: “I am waiting your answer since two weeks, Sir.” Mu gyara shi tare. “Wait” ba ta taɓa abin da ake jira kai tsaye yadda “jira” da “attendre” suke yi, sai da “for”, kamar yadda “listen” ke neman “to”. Mako biyu tsawon lokaci ne, don haka “since” ta ba “for” wuri. Jiran kuma ya soma a baya yana ci har ranar da ka rubuta, “have been” ke nan. Ta zama: “I have been waiting for your answer for two weeks, Sir.” Ka yi haƙuri da jinkirin, gyaran takardun ƙarshen zango ne ya riƙe ni. Ka rubuta mini jimla goma a kan ranar da sakamakon bak ya fito, da Hausa tukuna, sannan Ingilishi a ƙarƙashin kowace, ba tare da ka bi ta Faransanci ba, ka turo in duba. Ka gaishe mini da mutanen gida.